Tes Ɗin Taki

Litinin, 10 ga Yuni 2013

Ruwa daren jiya, mai yawa. Da asuba kowa ya fita da iri. Na shuka masarar bayan gida kafin in wuce makaranta. Geron da aka binne tun Mayu ya tsiro. Tes ɗin taki shiru. A ƙofar masallaci ma zancen ke nan.

Laraba, 12 ga Yuni

Malamin gona a ƙofar gidan dagaci bayan la'asar. Tsarin bara ne, GES. Buhu biyu ga wanda ya yi rajista, kamfa ɗaya, yuriya ɗaya, kilo 50 kowanne. Tarayya ta ɗauki kashi 25 na kuɗin, jiha 25, manomi ya cika rabin. N5,500 ke nan duka biyun. Ba takarda. Saƙo ne zai shigo ta lambar da ka bayar, kamfanin Cellulant ke turowa. Ka je cibiya da wayar, da katin rajista, da kuɗinka. Ya ja kunne: kada a goge, kada a canza layi.

Baffa ya ce, "To in wayar ta faɗa rijiya fa?" Aka yi dariya. Ba wanda ya ba shi amsa.

Alhamis, 13 ga Yuni

Tambayar Baffa ta bi ni har aji. Bara mutum nawa a layinmu yaransu suka goge musu tes wajen neman wasan maciji a waya. Kwamfutar nan da na sayo ta hannu a titin Beirut, ban da sakamakon jarabawa da wa'azi ba abin da ke ciki. In an yi mata jaka ɗaya ta taki fa? Duk wanda nasa ya shigo ya kawo, in kwafe, in ɗauki hoton fuskar wayar, in ajiye.

Uwargida ta ce in na fara, zaure ba zai sake zama nawa ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Na buɗe jakar. Jadawali a Excel: suna, unguwa, lambar waya, lambar kati, ranar da saƙo ya shigo, abin da ya ce harafi da harafi. Layi na farko ni, na biyu Baffa, na uku Inna. Gurbin saƙo fari fat.

Babu wuta tun Talata. Batirin ba ya kai awa ɗaya. Na kai wa mai caji, ya ce kuɗin kwamfuta ba na waya ba ne.

Talata, 18 ga Yuni

Shiru.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ya fara shigowa. Na maƙwabcinmu mai faci da hantsi, na ladan da azahar, nawa ina tsaka da darasi da 'yan aji biyar. Kafin magariba zaure ya cika, takalma har bakin hanya. Yawanci ba ajiyar ce ta kawo su ba, karatun ne. "Malam, duba min, shi ne?" Na wasu shi ne. Na wasu tallar waƙar kira ce, ko gasar cin mota. Wani tsoho ya yi mako yana ririta tes ɗin talla, ya hana jikokinsa taɓa wayar, har a ƙarƙashin matashi yake kwana da ita. Da na faɗa masa bai ce komai ba. Ya mayar aljihu, ya zauna ya ga na wasu.

Yadda nake yi: in ɗora wayar a kan littafin rajista, in kashe tocila saboda ƙyalli, in ɗauka da tawa, in tura ta igiya. Sunan hoto, unguwa sannan sunan mutum. Sai in buga lambobin da hannu, in karanta wa mai ita, ya ce to. Sifili da harafin O suna ba ni wahala a ƙananan wayoyin nan.

Na kwanta bayan sha ɗaya. Daɗi nake ji, ban san dalili ba.

Juma'a, 21 ga Yuni

Na Baffa bai shigo ba. Na karɓi wayar. Ambulan yana ta ƙiftawa a sama, akwatin saƙo ya cika. Ƙananan wayoyin nan in sun cika sabon saƙo ba ya samun wurin sauka, yana can yana jira a wajen kamfanin waya, in ya kwana biyu bai samu shiga ba ya lalace. Tes ɗin barka da Sallah na bara yana ciki, da na ɗaurin aure, da na cajin kati.

"Baffa, sai an goge wasu."
"Kada ka goge na ɗan'uwana."

Na rasuwar ƙaninsa ne, wanda aka turo daga Kwatano. Na bar shi, na kuma kwafe shi a wata jaka daban. Na share sauran. Muka zauna wayar tana tsakaninmu a kan tabarma har aka kira isha'i. Ba abin da ya shigo.

Lahadi, 23 ga Yuni

Baffa ya dawo da gwangwanin alawa. Ciki, rasit ɗin haraji, katin zaɓe, da kwafin takardar ƙungiyarsu ta 2009, zamanin Shekarau, lokacin da aka gwada rabon taki da takardar rangwame a Kano da Taraba tare da IFDC. A nan Kano ta ƙungiya aka bi. Buhu uku ga mutum, kamfa biyu yuriya ɗaya, an sauke N2,000 a kowane buhu. Ta yi ja, ta karye a wajen ninki, hatimin yana nan.

Ya ce wannan ita ce takarda. Ka riƙe, ka nuna, in an musa ka ɗaga ta sama jama'a su gani. Abin da ke cikin waya, in ji shi, na mai wayar ne da aljanunsa.

Na tuna masa zamanin da ake saukewa a sakatariya, ya bi ta hannu goma, ya iso unguwa buhu ɗaya mutum goma, ana awo da tiya. Shi ministan noma, Akinwumi Adesina, ya sha faɗa a rediyo cewa kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai ke ganin takin rangwame a wancan tsari. Baffa ya ce bai musa ba. Amma a lokacin ya san ƙofar gidan da zai je ya yi faɗa.

Yana so in tes ɗinsa ya zo in buga masa a takarda. Na ce in sha Allahu.

Litinin, 24 ga Yuni

Masara mako biyu. Yanzu ne take son kamfa. Masu shinkafa a Watari su ma suna ta tambaya. An ce mota ba ta iso cibiya ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Matsalar Inna. Ba ta da waya, lambar ɗanta aka rubuta mata ranar rajista. Shi kuma yana Legas da wayar tun bayan girbi, yana acaɓa. Na kira. Ya ce e, wani saƙo ya shigo, ya ɗauka na 'yan damfara ne, Allah ya sa bai goge ba. Ya turo min. Na kwafe, na ajiye. Amma a sama lambarsa ce ta fito a matsayin mai turowa. Za su karɓi wannan?

Inna daga bakin ƙofa: "Ya shiga injin naka?"
"Ya shiga, Inna."
"To alhamdulillahi, an gama."

Ban iya ce mata ba a gama ba.

Mata da yawa haka suke. Lambar miji, lambar ɗa, lambar ƙani. Akwai gidan da mutum huɗu suka ba da lamba ɗaya, tes ɗaya ya zo, ba a san na wa ba. A farkon shekara an yi ta cacar baki kan wayoyi miliyan 10 da aka ce za a sama wa manoma. A layinmu dai kowa da tsohuwar wayarsa yake.

Juma'a, 28 ga Yuni

Sabon tashin hankali. Hukumar NCC ta ce ranar 30 ga wata za a rufe duk layin da ba a yi wa rajista ba. Layi ya rufu, tes ya tafi. Na bi jadawalin ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wasu sun yi tun 2011, wasu a hannun yaro suka sayi layin, ba su san da sunan wa yake ba. Na tura su wajen masu ɗaukar hoto da yatsa. Na sake kiran Legas, ya ce nasa da rajista.

Liman ya yi addu'a ga mutanen Borno da Yobe da Adamawa. Tun bayan dokar ta-ɓacin 14 ga Mayu aka katse musu sabis. Na tsaya ina tunanin manomin can. Ta ina nasa saƙon zai bi?

Lahadi, 30 ga Yuni

Na Baffa ya shigo, ƙarfe biyun dare in ji shi. Ya buga min ƙofa kafin assalatu.

Litinin, 1 ga Yuli

Malaman jami'a sun tafi yajin aiki. Ƙanena ya kira daga Bayero, yana nan tafe.

Na mayar da jadawalin Word, kowa da shafinsa: suna, lambobi, hoton tes a ƙasa. Na ajiye a PDF don kada rubutun ya wargaje a wata kwamfutar. Bara na kai takardar jarabawa shago, layuka suka hau juna saboda harafinsu ba irin nawa ba ne. PDF yadda ka rufe shi haka zai buɗe.

Talata, 2 ga Yuli

Bichi bayan an tashi. Shagon buga takardu, inji yana ta ƙara, ɗalibai cike. An buga. Baƙi da fari, hoton ya yi duhu amma lambobin sun fito. Ruwa ya tare ni a hanya, takardun cikin leda cikin riga.

Baffa ya juya tasa gaba da baya. "Ba hatimi." Ya ninka huɗu, ya sa a gwangwani.

Laraba, 3 ga Yuli

Na sa filas a kwamfuta, jakunkuna duk sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya. Na danna, babu komai. Har jakar taki ta kan kwamfutar ta ƙi buɗewa. Gumi. Lambobin mutane, hotuna, saƙon ƙanin Baffa.

Ban ci tuwo ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ƙanena ya iso da jaka da yunwa. Ya duba ya yi dariya. "Yaya, ba a goge ba, ɓoyewa aka yi." Cutar filas ce, ta cika shagunan buga takardu, kowane ɗalibi ya san ta. Ya buɗe wani baƙin allo, ya buga layi ɗaya, komai ya dawo. Ya wanke kwamfutar. Dokokinsa: filas ɗin shago daban, na ajiya daban. Kwafi ɗaya a katin memorin wayata. Kwafi ɗaya in tura wa kaina ta imel duk ranar da sabis ya yarda. Mun hau kan katanga da modem kafin ya tafi.

Ya kuma nuna min abin da ban sani ba. Takardar JAMB ta 'yar yayarmu, da nake ta biyan kuɗi ana sake bugowa: a Chrome ka danna bugawa, maimakon firinta ka zaɓi ajiyewa a PDF. Shi ke nan tana hannunka, ko shafin ya rufe. Ya ce a Amurka haka mata ke yi da takardun rangwamen kantuna, sai dai can ma kowace da lambarta, in an karɓa sau ɗaya ta mutu, ko ka buga ɗari.

Na ce to namu ma haka ne? Ya ɗaga kafaɗa.

Asabar, 6 ga Yuli

Wani mutum a kan babur, ba ɗan garin nan ba, shadda mai maiƙo. Sallama har da tambayar iyali. Ya ji an ce ina da sunaye da lambobi. Yana so ya "taimaka wa waɗanda ba su da halin biya": ya ba su wani abu, ya biya N5,500 ɗin, ya ɗauki buhunan. In ba shi kwafi a filas, zai ga abin da zai yi min.

Na ce amanar mutane ce. Ya ce ai ba sata ba ce, ciniki ne. Ya bar lambarsa a kan tabarma.

Abin da ya dame ni, ba ƙarya ya yi duka ba. Yuli ce. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗin ƙwadago, ga azumi a bakin ƙofa. Wanda ba shi da N5,500, tes ɗinsa ba ya tsinana masa komai, in ya sayar aƙalla ya auno gero. Ba zan zagi wanda ya sayar ba. Amma shi zai je da ƙafarsa ya sayar da nasa. Ni ba zan miƙa unguwa guda a faranti ba. Buhunan nan gobe za a gan su a kasuwa da cikakken kuɗi, wataƙila mu ɗin ne za mu saya.

Da dare na sa wa kwamfuta kalmar sirri. Uwargida ta ce da ma ta faɗa.

Lahadi, 7 ga Yuli

Mutum biyu sun zo su ce in cire sunansu. Wai an ce ana sayar da lambobi. Na cire a gabansu, na nuna musu kwandon shara na share shi. Ɗaya ya ce in ba shi takardarsa tukuna.

Raina ya ɓaci har la'asar.

Talata, 9 ga Yuli

Mota ta iso. Yara ne suka fara gani.

Masarata ganyen ƙasa ya fara rawaya. Ta mai faci, da ya ci bashi ya sayi rabin buhu a kasuwa tun makon jiya, kore shar.

Alhamis, 11 ga Yuli

Azumi ya kama. Cibiya tun bayan asuba, layi ya zagaye ginin. Baburan haya, kurar shanu, jakuna biyu. Tebur ɗaya na masu duba suna a babban littafi, ɗaya na dillali mai karɓar kuɗi. Sai an tura lambarka, amsa ta dawo, sannan a ɗora maka. Sabis yana zuwa yana tafiya. Yaron da ke turawa ya ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji.

Na ga takarduna a hannun mutane, wasu har sun sa a leda. Na matsa kusa in ji.

Wani ya miƙa tasa. Yaron ya ce, "Baba, wannan ba ta aiki, waya za ka kawo." Gabana ya faɗi. Amma da aka zo neman sunansa a littafi aka rasa, an rubuta shi da wani harafi daban, sai yaron ya karɓi takardar, ya bi lambar katin, ya same shi a wani shafi. Ba ita ta ba shi taki ba, amma da babu ita da ya koma gida. Na ladan kuma wayarsa ta mutu a layi. Takardar ta riƙe masa wuri har aka samo batiri aro.

Azahar ta wuce, sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Aka ce gobe. Baffa bai kai tebur ba. Ni ma.

Juma'a, 12 ga Yuli

Rabin yini. Ba a kai gare mu ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Na samu. Baffa ya samu. Ya sa an kwance bakin buhun kamfa a wurin, ya damƙa, ya murza, ya shinshina. Ya nemi yaron ya buga masa hatimi a takardar da na buga. Yaron ya ce ba shi da hatimi, ya sa hannu da biro. Baffa ya karɓa.

Da yamma ni da ƙanena a bayan gida, da azumi a baki. Rami ɗan nesa da gindi, murfin kwalba ɗaya, a rufe da ƙafa. Ta wuce wata guda, kamfar ta makara, na sani. Buhu biyu ko rabin hekta ba sa isa yadda malaman gona ke so, sauran sai takin gida. Geron ba zai samu komai ba.

Na ƙara gurbi a jadawali: ya karɓa, bai karɓa ba.

Litinin, 15 ga Yuli

Na kai Inna. Na nuna tes ɗin da aka turo daga Legas, na nuna takarda, ga katinta, ga ta a tsaye. Suna yana littafi. Suka ce layin da aka yi rajista da shi suke so, ko a jira mai kula da cibiya ya zo, shi ke da ikon sa hannu in babu waya. Yaushe? Wataƙila Laraba.

A hanya ba ta yi magana ba sai kusa da gida. "Ka ce ya shiga injin."
"Ya shiga, Inna. Su ne ba sa duba nawa."

Kuɗinta a ƙulle a bakin zane. Na akuyar da ta sayar ne.

Talata, 16 ga Yuli

Na kira Legas. Ya ce zai cire layin ya ba direban motar da ke tahowa Kano, a karɓa a tasha. Amma layin ne abokan hawansa ke kiransa da shi. Ya ce in ba shi zuwa dare.

Mai babur ya sake wucewa. Bai tsaya ba. Buhu huɗu a baya.

Laraba, 17 ga Yuli

Mai kula da cibiya bai zo ba. Buhunan yuriya sun ragu sosai, na leƙa.

Ruwa da daddare. Wuta ta zo wajen sahur, na yi caji, na cike gurbin waɗanda suka karɓa. Saura Inna, da gidan masu lamba ɗaya, da tsohon nan mai tes ɗin talla. Nasa har yau bai zo ba, kuma sunansa yana littafi, na gani da idona.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ya ba direba layin, a naɗe a takarda cikin kwalin ashana. Motar ta taso jiya da yamma. Ƙanena zai shiga Kano gobe ya jira a tasha, na ba shi kuɗin mota da lambar direban. In ya dawo kafin la'asar mu sa a wayata mu tafi kai tsaye, in ba haka ba Asabar. Ban sani ba ko saƙon a kan layin yake ko a cikin wayar da aka bari a Legas. Na tambayi yaron cibiya ko lambar kaɗai ta isa, ya ce a zo dai a gani.